'Yan Mata Biyar Babu Namiji: Yadda Na Mayar da Labarin Jane Austen Ɗan Kano

A shekarar 2022, lokacin da malaman jami'o'i suka shafe wata takwas suna yajin aiki, 'yar yayata ta dawo gidana da zama. Shekararta ashirin, tana aji biyu a jami'a, kuma in ka ga ta ɗaga kai daga waya to caji ne ya ƙare. Karatu take yi fa, littattafan soyayya na Hausa da ake saki shafi-shafi a WhatsApp, wasu ma sai ka biya kafin a saka ka a rukunin. Ni kuma malamar Turanci ce a sakandare, don haka sai na ga bari in ba ta abin da nake ganin ya fi. Na ɗauko mata tsohon kwafina na Pride and Prejudice na Jane Austen, wanda bangonsa ya sha salatif har ya gaji, na ce ta gwada.

Kwana biyu ta dawo mini da shi. Ta ce, "Anti, mutanen nan ba su da aikin yi ne? Daga ziyara sai rawa sai shan shayi. Ita kuma uwar tasu ta cika zaƙewa, sai ka ce 'ya'yan nata tumatir ne za su ruɓe."

Maganar tumatir ta ba ni dariya, amma abin ya tsaya mini a rai. Da dare an ɗauke wuta muna zaune a tsakar gida, na ce bari in ba ki labarin da bakina. Na cire sunayen Turawa, na ce wani malami ne mai 'ya'ya mata biyar babu namiji ko ɗaya, da matarsa da ba ta da zance sai na aurensu, sai ga wani saurayi mai kuɗi ya tare a unguwar, tare da abokinsa da ya fi shi kuɗi ya kuma fi shi ɗagawa. Har ƙarfe ɗaya na dare yarinyar nan ba ta waiwayi wayarta ba. Da na kai inda mai ɗagawar ya zo neman auren ta biyun, yana faɗa mata yana sonta duk da danginta ba sa'anninsa ba ne, sai ta miƙe zaune ta ce, "Lallai ma mutumin nan! Me ta ce masa?" A daren na ƙudurta zan rubuta shi da Hausa, a Kanon yau.

Ta fuskar izini babu matsala. Littafin ya fito a Landan a watan Janairun 1813, marubuciyar ta rasu a 1817, haƙƙin mallaka ya daɗe da faɗuwa. Ita kanta fam 110 ta sayar wa mai ɗab'i da shi, ko sunanta ba a sa a jiki ba. An kuma sha juya labarin: akwai fim na 2004 da ya kai shi Amritsar ta Indiya, wata marubuciya ta kai shi Pakistan a 2019. A gida ma ba baƙon abu ba ne. Duk wanda ya karanta Magana Jari Ce ya san Abubakar Imam ya ɗebo labarai daga Larabawa da Turawa da mutanen Indiya, ya yi musu wankan da har yau yaro zai rantse a bayan garinsu abin ya faru. Na ɗauka nawa ma haka zai zo da sauƙi.

Wata huɗu na yi a rubutun farko, babi goma sha ɗaya, da biro. In buɗe babin Austen a hagu, in rubuta nawa a dama. Keken doki ya koma mota, zauren rawa ya koma wurin dina, Elizabeth, ta biyu a 'yan matan, ta koma Bilkisu, Darcy, mai ɗagawar nan, ya koma Mahmud, na danƙa wa kowa waya a hannu. Ina ta jin daɗi aiki yana gudu.

Gwaggona, yayar mahaifina, ta haura saba'in. Ba ta yi boko ba, amma babu littafin da ake karantawa a rediyo da ba ta bi, kuma ba ta yi wa marubuci kara. Na je mata wuni a cikin gari na karanta mata babi uku. Ta yi shiru har na kai inda uwar ke kuka tana cewa ranar da maigida ya kwanta dama ɗan'uwan nan nasa zai gaje komai ya watso musu kaya waje, tunda ba su da namiji. Gwaggo ta ajiye goron da take gogawa ta ce, "Ke 'yar nan, a wane gari? Babu alƙali ne a garin, ko kuwa ba musulmi ba ne?"

Na buɗe baki in ba ta amsa, na rasa. A littafin asali, gidan Longbourn da gonakinsa, masu kawo wa uban 'yan matan, Mista Bennet, fam 2,000 a shekara, an ɗaure su da sharaɗi tun daga magabata cewa namiji kaɗai ke gadonsu. Tunda bai haifi ɗa ba, komai zai faɗa hannun wani ɗan'uwansa limamin coci, Collins, abin da zai rage wa uwa da 'ya'ya biyar fam 5,000 ne da aka ware tun lokacin aurenta. A kan wannan sharaɗi duk littafin ya tsaya. Shi ya sa uwar ke rawar jiki, shi ya sa ƙin auren Collins da Elizabeth ta yi ya zama kasada da rayuwar mutum shida, ba tsiwar budurwa kawai ba. Ni kuma na cizgo shi ɗungurungum na dasa a ƙasar da ba zai yi saiwa ba.

Na tafi wurin malamin da ke koya mana rabon gado a Islamiyyar matan aure. Na ce, "Allah gafarta Malam, mutum ne ya bar mata ɗaya da 'ya'ya mata biyar, iyayensa sun riga shi, ba wa ba ƙane, ba ya ba ƙanwa, sai ɗan baffansa." Malam ya ce, "Allah ya jiƙansa, Malama. Yaushe aka yi rasuwar?" Na ce a littafi ne, kuma bai ma mutu ba tukuna. Ya yi murmushi ya jawo takarda. Dukiya a kasa ta gida 24. Mata ta ɗauki tumuni, 3 ke nan. 'Ya'ya mata su ɗauki sulusani, 16, kamar yadda ya zo a aya ta 11 da ta 12 ta Suratun Nisa'i. Saura 5 su tafi ga asaba, wato ɗan baffan nan. Ashe 19 cikin 24 na matan gida ne. Mugun da na gina babi goma sha ɗaya a kansa ko ɗaki ɗaya da ƙyar zai samu.

Mako uku ban taɓa biro ba. Da na dawo, na rufe littafin Austen na ajiye shi a saman sif, na fara da wata tambaya dabam: uwa mai 'yan mata biyar a Kano yau, me ke hana ta barci? Ban tambayi kowa kai tsaye ba, kunne na kasa, a gidan kitso da ofishin malamai da gidajen suna. Abu biyu suka yi ta dawowa, muhalli da kayan ɗaki.

Muhalli ya ba ni uban. Na mayar da shi malamin jami'a da ya shekara ashirin da takwas a gidan ma'aikata bai aza bulo ko ɗaya a ko'ina ba, filin da ya taɓa saya an cinye shi a wani yajin aiki. Mai karatu ne na gaske amma ba ya wallafa komai, don haka bai zama farfesa ba. Farfesa sai ya kai 70 yake ritaya, wanda bai kai matsayin ba kuwa 65, nawa kuma yana da 63 a babin farko. Ka ga ba mutuwa ake jira ba, takardar a tashi daga gida ake jira, kuma ita tana da rana. Collins ya koma ɗan baffa da ya saye rabon kowa a gidan gadonsu na cikin gari, yana da gidajen haya, yana zuwa da carbi mai dubu da tayin auren zumunci, a zauna a gidan kyauta.

Kayan ɗaki kuwa su suka canza mini uwar gaba ɗaya. Wata abokiyar aikina da ta aurar da 'yarta ta fari ta nuna mini littafin da ta yi lissafi: gado da katifa da sif da madubi, kujeru, labule, firij, tukwane da kuloli da na'urar markaɗe, zannuwan gado, ga gara ta biyo baya, buhun shinkafa da jarkar mai da alkaki da dubulan da nakiya. Shekara uku tana zubin adashi biyu kafin ta haɗa, kuma har lokacin da muke maganar ba ta gama biyan kafinta ba. Na rufe littafin na ninka shi biyar a raina. Tun daga ranar na kasa yi wa Misis Bennet dariyar da na saba. Austen ta zana ta a matsayin mace mai ƙaramin tunani da yawan surutu, ni ma shekaru ina koyar da ita a haka. Na bar mata surutunta da kwaɗayinta da kunyata 'ya'yanta a gaban baƙi, amma na ba ta adashi da sarin atamfa, na sa ta zama ita kaɗai ce mai lissafi a gidan. Uban da kowa ke so saboda iya baƙar magana kuma ya fito da wani irin nauyi. Da na koma na duba, sai na ga Austen ba ta ɓoye wannan ba: a babi na 50 ta faɗa cewa ya sha da-na-sanin rashin tara wa iyalinsa komai, yana dogaro da ɗa namijin da bai zo ba. Ni ce dai ban taɓa tsayawa a wurin ba.

Kuɗi sun wahalar da ni ta wata hanyar. Austen ƙarara take faɗin samun kowa: Bingley, saurayin da ya tare a unguwar, fam dubu huɗu ko biyar a shekara, Darcy 10,000. Na bi ta na zuba lambobi da naira. Sai aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, dalar da ke wajen naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a farkon 2024, kuɗin lefen da na rubuta don mai karatu ya riƙe baki ya koma abin da ba zai cika akwati uku ba. Na goge lambobin kaf. Mu dama ba da lamba muke auna arziki a hira ba. Akwati nawa aka kawo, a wace unguwa gidan yake, ana zuwa Umarar azumi duk shekara ko kuwa, da waɗannan mata ke gane wa ake magana a kai.

Sai kuma inda za su riƙa haɗuwa. A Ingilar wancan zamani rawa ce damar da saurayi da budurwa ke samu su yi rabin sa'a suna magana a gaban kowa ba tare da an ce neman aure yake ba. Mu muna da zance, amma zance shela ce. Ranar da mota ta tsaya a ƙofar gida aka aiko yaro ya ce wai ana sallama da Bilkisu, unguwa ta gama sani. Mahmud kuwa rabin littafin kokawa yake da zuciyarsa, ba zai zo zance ba. Biki ne ya cece ni. Sati guda na kamu da wuni da dina da kai amarya, abokan ango da ƙawayen amarya suna cuɗanya dole, ana ta aike da neman mota. Cin fuskar farko na sa ta a wurin sayen baki, inda dama ciniki da ba'a su ne al'ada. Ana ta ja-in-ja Bilkisu ce bakin ƙawaye, aka ce Mahmud ya sa baki, ya ce wa na kusa da shi, a muryar da ya ɗauka ba ta ji, "Ba laifi, amma ba irin wadda za a ɓata dare ana ciniki da ita ba ce."

Inda babbar yayar ta hau doki ruwa ya dake ta, ta kwanta ciwo kwanaki a gidan Bingley, Elizabeth ta taka mil uku cikin taɓo ta je jinya, wannan bai ɗau lokaci ba. Babu uban da zai bar 'yarsa ta kwana a gidan saurayin da ko kuɗin gaisuwa bai kawo ba. Na kai su asibiti. Taifot, ruwan Agusta, Bilkisu ta sauko daga a-daidaita-sahu da kula da fulas, ƙasan abayarta duk caɓi, ta ci karo da 'yan'uwan saurayin sun zo dubiya suna ƙamshin turaren da ya fi albashin babanta.

Gori ma sai da na sake masa tushe. A littafin asali abin da ake yi wa 'yan matan dariya a kai shi ne kawunsu Gardiner ɗan kasuwa ne, yana zaune kusa da ɗakunan ajiyar kayansa a Landan. A Kano ka ce wa mutum kawunsa yana da shago a Kwari, ai yabonsa ka yi. Mu da asali muke gori. Na mayar da dangin uwar mahauta, kawun kuma babban dillalin shanu, mutumin da ya fi kowa dattako a littafin. Wata da ta karanta ta ce in cire, wai an daina irin wannan. Ban cire ba. Ina da ɗaliba da aka fasa aurenta bayan an sa rana, da aka je bincike aka dawo da wannan maganar.

Abin da ya fi cinye mini lokaci wasiƙa ce. Littafin babi 61 ne, kuma a na 35 yake juyawa: washegarin da Elizabeth ta wanke Darcy tas, ya tare ta ya miƙa mata doguwar wasiƙa ya juya ya tafi. Ta karanta cikin fushi, ta rantse ba za ta ƙara dubawa ba, ta sake buɗewa, ta yi ta karantawa har ta kusa haddacewa, a hankali ta gane yadda ta yanke wa mutum hukunci da labarin maƙiyinsa. Zato zunubi, in ji masu iya magana, shi kuma nasa girman kan rawanin tsiya ne, kowa ya ga nasa a takardar nan. Duk ƙarfin wurin yana cikin rashin damar mayar da amsa. Na rubuta shi a matsayin saƙon WhatsApp, sai na ga kafin ya gama layi na uku Bilkisun da na sani ta mayar masa da goma, an koma cacar baki. Na gwada saƙon murya na minti goma sha biyu, 'yar yayata ta ce wallahi ko ita ba za ta saurara ba. Na gwada imel, ya fito kamar takardar neman aiki.

Yarinyar ce ta warware mini ba da niyya ba. Ana ta zancen wata da aka watsa hirarta da saurayi a rukunin 'yan ajinsu, ta ce, "Anti, ai yanzu duk abin da ba ka so duniya ta gani kada ka rubuta shi a waya." Na tuna abin da ke cikin wasiƙar Darcy: sirrin ƙanwarsa ne, wadda maƙiyin nasa, Wickham, ya so ya gudu da ita tana shekara 15 saboda gadonta na fam 30,000. Mutumin da ya san ana ɗaukar hoton saƙo a tura wa dubu ba zai taɓa sa sunan ƙanwarsa a waya ba. Sai ga takarda da biro sun dawo da hujjarsu. Bilkisu ta riga ta toshe lambarsa, ya rubuta shafi huɗu da hannunsa, ya ba wa almajirin gidansu ya kai mata, a ƙarshe ya roƙe ta ta ƙona. Ba ta ƙona ba, ta sa a cikin littafin Azkar ɗinta, inda ta san babu mai dubawa cikin ƙannenta.

Autar gidan kuwa sau uku na rubuta ta, kuma har yau ba a daina yi mini faɗa a kanta ba. A wurin Austen, Lydia tana shekara 16 ta bi soja Wickham daga Brighton, dangi suka fara zaton Gretna Green suka nufa a Sikotland, inda ake ɗaura aure ba da yardar iyaye ba. Aka same su a Landan babu aure. Darcy ya biya bashin mutumin, ya saya masa muƙami a soja, aka ɗaura, aka rufa asiri. Mu ba mu da Gretna Green. Duk wadda ta yi Risala ta san babu aure sai da waliyyi da sadaki da shaidu biyu adalai. Na ɗaga shekarunta zuwa 19, na mayar da Wickham ɗan wani amintaccen yaron marigayi mahaifin Mahmud, wanda ya tashi a gidan, mai aron motoci da daɗin baki. Ta ce za ta bikin ƙawa a Kaduna, kwana huɗu wayarta a kashe, shi kuma yana riƙe da hotunanta yana neman a saya.

A rubutun farko na bi Austen, aka ɗaura musu aure. 'Yar yayata ta ajiye takardun ta ce, "Anti, wannan hukuncinta ne ko ladansa?" A na biyu na sa an ceto ta shiru babu wanda ya ji. Gwaggo ta ce, "A garin nan? Da in kika yi tari a Fagge sai an yi miki sannu a Gwale?" A na uku Mahmud da kawu da wani lauya suka karɓo hotunan, kuɗi suka yi ciwo, maganar ta fita duk da haka, kuma da aka zo batun a ɗaura a rufe bakin mutane uban ya ce ba zai yi waliccin ba. Shi ne abu na farko da ya tsaya a kai a duk littafin. Aka kai ta wurin kawu ta ci gaba da karatu, auren babbar yayar ya kusa rushewa, maƙwabta biyu suka daina aiko da yara. Ita kuma autar ban sa ta yi wata nadama ta a zo a gani ba, don irinta ba sa yi da wuri. Gwaggo ba ta yarda ba har yanzu. Ta ce, "Aure ko na wata uku ne a yi shi. A kira ta bazawara ya fi a kira ta da wancan sunan." Ban iya ba ta amsa ba, sai na ɗauki maganar yadda take na sa a bakin uwar, na bar ta a shafin babu wanda ya karya ta.

Babin da na fi so Gwaggo ce ta ba ni shi, ita ma ba da niyya ba. Lady Catherine, 'yar'uwar mahaifiyar Darcy, ta ƙudurta tun yara suna zanin goyo cewa 'yarta zai aura. Wannan ko taɓa shi ban yi ba, auren zumunci ne sak. Ta yi takakkiya har gidan su Elizabeth ta ce sai ta yi mata alkawarin ba za ta aure shi ba, yarinyar ta tsaya ido cikin ido ta ƙi. Ina ba Gwaggo labari ta ce, "To shi ba namiji ba ne? Ya haɗa su mana." Na yi sororo. Shekara nawa ina karanta littafin nan, ban taɓa lura cewa rabin rikicinsa ya dogara ga cewa kujerar guda ɗaya ce tak ba. Sai Hajiyata ta fasa zuwa da hani, ta zo da tayi: ya auri 'yarta tukuna, in an shekara Bilkisu ta shigo ta biyu, ita da kanta za ta haɗa lefen. Wannan ya fi na asalin wuyar turewa, don halal ne, kuma uwar Bilkisu tana bayan labule tana jin kamar ta amsa mata.

Sannan 'yar Hausawa mai tarbiyya ba ta tsayawa a kan sa'ar kakarta tana mayar da magana. Sau biyar na rubuta amsarta. A ƙarshe na durƙusar da ita a kan kafet, kanta a ƙasa. "Allah ya ƙara girma, Hajiya, ai maganar aurena tana wurin Baba." Hajiya ta ce ita ba Baba ta zo gani ba, alkawarinta take so. "Hajiya, abin da ba a tambaye ni ba ban san yadda zan yi alkawari a kansa ba. Allah ya huci zuciyarki." Haka aka yi ta yi shafi uku, ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma ba da ko ƙwayar zarra ba, ta ɗaukar wa Hajiya jaka ta raka ta har mota. 'Yar yayata ta ce ta yi sanyi da yawa. Da na karanta wa Gwaggo, ta riƙe haɓa ta ce, "Oh ni! Wannan yarinya ta iya rashin kunya." Ban ƙara taɓa babin ba.

A watan Sha'aban da ya wuce na gama, babi 44, bayan shekara biyu da 'yan watanni. Na kai wa Gwaggo na ƙarshe na karanta mata har an ɗaura auren Bilkisu da Mahmud, na ɗago ina jiran ta ce wani abu a kansu. Ko ta kansu ba ta bi ba. Hankalinta yana kan ƙawar Bilkisu, wadda ta karɓi ɗan baffan nan mai carbi bayan Bilkisu ta ƙi shi. A wurin Austen sunanta Charlotte, shekararta 27, ta yi auren don ta samu gidan kanta, a ƙasar da kafin 1857 sai majalisar dokoki ta yi doka ta musamman kafin a raba aure. Tawa shekararta 31, malamar firamare, ta gaji da gaisuwar "Allah ya kawo miji" a kowane taro. 'Yar yayata ta tsane ta, ta ce ta sayar da kanta. Gwaggo ta ce, "Ita wannan mai hankalin fa, ya ware mata sashenta ko tukunya ɗaya suke da uwarsa?"

Ban rubuta ba, don ban taɓa tunanin abin ba. Na dawo gida na sauko da littafin Austen daga saman sif, na tarar ita ta yi tunaninsa: Charlotte ta bar ɗaki mai kyau mai kallon hanya, ta zaɓi na baya ya zama wurin zamanta, don ta san mijin ba zai riƙa leƙowa can ba. A daren na ƙara shafi ɗaya da rabi a babi na 23. Na ba ta sashenta a ƙuryar gida, da ƙofarta da madafinta, da bishiyar zogale, da kaji bakwai da take kiwo, ɗakin maigida kuma yana can kusa da zaure inda yake jiran masu kawo kuɗin haya.